Ɗana, Jirgin Ba Zai Jira Ka Ba

Ɗana, na ji ka biya kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa da zai zaga da kai tsibiran Girka, biza ma ta fito. Madalla, Allah ya sa albarka. Zaman cikin jirgi ba ni da abin cewa a kansa, don can akwai masu yi maka hidima, a gyara gado, a dafa, a kwashe kwanuka. Abin da nake jiye maka shi ne 'yan sa'o'in nan da za a buɗe ƙofa a ce ku sauka ku ga gari. Ke ma 'yata, maganar har da ke.

Fara da lissafi. Takardar kamfani za ta ce jirgi zai tsaya daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, ka ce ai awa tara ke nan. Cire lokacin da za a jira hukumar tasha ta ba da izinin sauka. Cire layin fita. Cire rabin awar ƙarshe, don tun kafin lokacin tashi ake janye gadar shiga. Cire zuwa da dawowa. Da ƙyar awa biyar ko shida su rage a hannunka, rabinsu kuma tsakar rana ne. Wanda ya shirya ganin wuri huɗu a cikin wannan ɗan taƙi, tagar mota kawai zai gani. Kowace tasha ka zaɓi abu guda tun daren jiya, ka tafi gare shi da sassafe, ka tsaya ka gan shi sosai. In lokaci ya ragu, ribar ƙafa ce.

Sai agogo. Da bazarar Turai agogon Girka yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, yana gaban na Italiya da awa ɗaya, jirage da yawa kuma daga Italiya suke tasowa. Wayarka za ta riƙa canza lokaci da kanta gwargwadon layin da ta kama, ba tare da ta shawarce ka ba. Ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi kowace safiya, domin da shi za a rufe ƙofa. A tashar mota a gida, ɗan kamasho kan ce wa direba ya dakata, akwai mutum ɗaya ya zaga alwala, a kuma dakata. Jirgi mai ɗauke da mutum dubu uku ko huɗu bai san wannan ba. An yanka masa lokacinsa a gaɓa, wani jirgin na jiran wurin, ga teku da zai ratsa kafin gari ya waye. In ka bi motar yawon da kamfanin jirgin ya shirya kuka makara, zai jira ku ko ya san yadda zai yi da ku. In da ƙafarka ka fita, za a kira sunanka a lasifika, sannan a tafi. Abin da kamfanoni suka saba yi shi ne su ɗauko fasfonka su bar wa wakilinsu na wannan tasha, kai kuma ka nemi hanyar cim musu da kuɗin aljihunka. Lambar wayar wakilin tana jikin takardar da ake turo maka ɗaki kowane dare. Kwafe ta da biro ka sa a aljihu, tare da katin jirgi da kwafin fasfo. Girka na kan hanyar baƙin haure masu shiga Turai, ɗan sanda na iya tsayar da kai ya nemi takarda. Nuna masa cikin ladabi ka wuce.

Tun da na ambaci fasfo: in zagayen ya haɗa da Kusadasi ta Turkiyya, kamar yadda da yawa ke yi, to za ka fita yankin bizar Turai na Shengen ka sake shigowa. Duba bizarka ka tabbata ta shiga da yawa ce, ka kuma tambayi kamfanin abin da Turkiyya ke nema daga mai fasfo irin naka. Wannan tun kana gida ake yi, ba a bakin jirgi ba.

Santorini ce za ta gwada ka. Tsibirin bakin wani dutse ne mai aman wuta da ya fashe kusan shekara 3,600 da suka wuce, tsakiyarsa ya rufta, teku ta cike ramin. A cikin wannan rami jirginku zai tsaya. Ƙananan jiragen fito ne za su riƙa kwasar ku zuwa wata 'yar tasha a gindin dutse, garin Fira kuma yana can bisa kanku, sama da mita 200. Hanyar hawa uku ce: matakala kusan 600 mai kwana-kwana, ko bayan alfadari a kan matakalar nan dai, ko akwatunan da ke rataye a igiyar ƙarfe, guda shida a jere, kowanne na cin mutum shida. Minti uku akwatunan suke yi, amma duk ƙoƙarinsu kimanin mutum 1,200 suke kwashewa a awa. Yanzu ka sa jirage uku ko huɗu a cikin ramin rana guda. A Yulin 2024 sai da wani jami'in ƙaramar hukumar tsibirin ya roƙi mazauna su rage fita, saboda ana sa ran fasinjoji 17,000 a yini ɗaya, alhali mutanen tsibirin gaba ɗaya kimanin 15,500 ne kawai. Daga baya aka ƙayyade fasinjojin jirage 8,000 a rana, kuma tun 2025 kowane fasinja da ya sauka Santorini ko Mikonos a tsakiyar bazara yana biyan harajin Yuro 20.

Hawa ba shi ne wahalar ba, don da safe mutane kashi-kashi suke fitowa. Sauka ce, domin kowa lokaci ɗaya yake tuna jirgi. Wajen ƙarfe uku layin akwatunan ya miƙe ya shige lungunan Fira, ya wuce shagunan zinariya, ya lanƙwasa. Ba inuwa. Kowa na duban agogo yana duban jirginsa can ƙasa a kan ruwa. Sai ka ga wani ya fusata ya ce shi matakala zai bi, ya ja matarsa mai silifas. Duwatsun matakalar kofato ya goge su sun yi santsi, ga kashin dabbobi ko'ina, ga wari rana ta dafa. Alfadarai kuma jerin gwano suke saukowa, ba sa kauce wa mutum, sai dai kai ka manne da katanga su goge ka su wuce. Mai ƙarfin gwiwa zai sauka cikin rabin awa. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini, kada ya soma. Saboda haka in jirgin fito na ƙarshe ƙarfe huɗu ne, biyu ta same ka a layi.

Alfadaran nan ni dai ban so ka hau. Tun 2018 gwamnatin Girka ta hana ɗora musu abin da ya wuce kilo 100, saboda ƙorafin da aka daɗe ana yi kan miki a bayansu da tsayuwar rana ba ruwa. Kai ka san dabba. Dubi ƙarƙashin sirdin kafin ka miƙa kuɗi, zuciyarka za ta gaya maka.

Me za ka gani a can? Kowa Oia yake nufa, ƙauyen fararen gidaje da shuɗin ƙubbobi da ka saba gani a kalanda, kilomita goma da ɗoriya daga Fira. Yana da kyau, ba na musu. Amma da hantsi layi ake bi kafin a ɗauki hoto a lungu guda, faɗuwar ranar da ake yi masa kirari da ita kuwa sau da yawa jirginka ya riga ya tashi. Da ni ne, Akrotiri zan nufa a kudancin tsibirin. Gari ne da tokar dutsen ta binne, Spyridon Marinatos ya fara haƙo shi a 1967. Za ka bi titunansa a ƙarƙashin rufi, cikin inuwa, ka ga gidaje masu bene biyu da uku, da magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, da manyan randuna a inda masu su suka bar su. Ba a tarar da gawarwaki a ciki ba. Alamu sun nuna mutanen sun ga girgizar ƙasa sun kwashe abin da za su iya suka fita kafin dutsen ya fashe. Zanen bangonsu, har da na wasu shuɗɗan birai masu tsalle, yana gidan tarihi na Fira, kusa da inda za ka hau layin sauka. Ka ga an jefi tsuntsu biyu.

A Atina jirgi a Pireyas yake tsayawa, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar birni, akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum har gindin Akropolis. Jakarka ta dawo gaba a cikinsa, don 'yan sane sun san ranar da jirage ke shigowa. Tun Satumban 2023 mutum 20,000 kaɗai ake bari su hau Akropolis a rana, kowa da awar da aka rubuta masa a tikiti, tikitin kuma Yuro 30 ne tun Afrilun 2025. Sayi naka ta intanet, na awar farko da za ka iya kaiwa. Dutsen hanyar hawa ƙafafun miliyoyin mutane sun lashe shi har yana ƙyalli, takalmi mai santsin ƙasa zai kayar da kai a gaban jama'a. Mai tsini kuwa, 'yata, doka ma ta hana shiga da shi wuraren tarihi.

In ka kai sama kada ka tsaya ɗaga waya kawai. Ginin nan mai ginshiƙai, Partenon, an fara shi a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Perikles, ɗakin bautar gunkiyarsu Atina. Ya zama coci, sannan ya zama masallaci bayan Turkawan Daular Usmaniyya sun ci birnin. A 1687 sojojin Venis suka yi wa tudun ƙawanya, Turkawa sun ajiye albarushi a cikin ginin, harsashin igwa ya faɗa, tsakiyarsa ya tarwatse. Sama da shekara dubu biyu yana tsaye, dare ɗaya ya zama kango. Daga 1801 kuma jakadan Ingila, Lord Elgin, ya sa aka ɓamɓare sassaƙe-sassaƙensa aka kai Landan, har yau Girkawa na neman a dawo musu da su. Wanda ya san labarin tagullan Benin da aka kwashe a 1897 ba sai an yi masa dogon bayani ba. In rana ta take, sauko ka shiga gidan tarihin Akropolis da aka buɗe a 2009 a gindin tudun. Akwai sanyi, akwai wurin zama, a benen sama kuma an jera abin da ya rage, an cike gurbin waɗanda ke Landan da farin kwafi don kowa ya ga giɓin.

Rana kuwa, kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Agadas. A gida wa ka taɓa gani yana hawan dutse ƙarfe ɗaya na rana da kwalbar ruwa guda? Kowa inuwa yake nema. A Yulin 2023 sai da hukuma ta riƙa rufe Akropolis da tsakar rana saboda zafi. A Yunin 2024 Michael Mosley, likita ɗan Ingila da ya yi suna a talabijin, ya kama hanya da ƙafa shi kaɗai da rana a tsibirin Simi, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a kan duwatsu kusa da gaɓa. Likita ne fa. Farin dutse da farin bango mayar maka da hasken suke yi a fuska, iskar teku kuma tana busar da gumi har ka manta kana ƙonewa. Hula mai baki, ruwa fiye da yadda kake jin ƙishi, in jiri ya fara ka zauna. Lambar neman agaji 112 ce. In da tsoho a tafiyar, da takunsa za a auna yinin, ba da naka ba.

Mikonos ba zan daɗe a kanta ba. Iskar arewa da suke kira meltemi tana kaɗawa da ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci ta hana fito a soke tsayawar gaba ɗaya. In hakan ta faru kada ka yi wa ma'aikata faɗa, ba su suka turo ta ba. Garin lunguna ne da injinan niƙa masu fiffike da shaguna masu tsada, awa biyu ta ishe shi. Abin gani na gaske tsibirin Delos ne, rabin awa a ƙaramin jirgi, kufai mai jerin zakunan dutse, amma babu inuwa ko ta tsaya, kuma agogo biyu za ka riƙa dubawa, na jirgin Delos da na naka. A gidan abinci na bakin ruwa, kifi da kilo ake sayarwa. Farashin da ka gani a takarda na iya zama na kilo ne ko na giram 100. Ce a auna a gabanka a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Inda aka ƙi nuna maka takardar farashi, tashi. Dokar ƙasar ta ce in ba a ba ka rasit ba, biya bai wajaba a kanka ba, kuma za ka ga an lika wannan a shaguna. Babur mai ƙafa huɗu da ake bai wa baƙi haya, bar musu kayansu. Titunan ƙanana ne masu kwana, kuma inshora da yawa ba sa biyan raunin da aka ji a kansa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Lungun da kake ɗaukar hoto ƙofar gidan wani ne. Tsohuwar nan mai baƙaƙen kaya da ke zaune bakin ƙofa ba kayan kallo ba ce, galibi takaba ce ko makoki ya sa ta baƙin. Gaishe ta, kalimera suke cewa da safe, in kana son hoto ka nemi izini. Kada ka hau rufin coci ko na gida don hoto ya yi kyau, ko da ka ga wasu na yi. Daga ƙarfe uku zuwa biyar da rabi na yamma lokacin hutunsu ne da bazara, doka ma ta san da shi, sassauta murya a unguwa. In za ka shiga coci ko gidan sufayensu, irin na tsibirin Patmos da aka gina a 1088, a rufe kafaɗa da gwiwa, a cire hula, a yi shiru. Abin da kake so baƙo ya yi a masallacin unguwarku. Kuma ka kiyayi hannunka. Buɗe yatsu biyar ka tura tafi wajen fuskar mutum zagi ne a Girka, daƙuwa ce sak irin tamu. In za ka nuna biyar ko ka tsayar da tasi, juyo da tafin wajenka.

Kada ka ɗauki dutse. Ko ɗan tsakuwa, ko ɓallin tukunya da ka gani yashe a ƙasa a wuraren tarihi irin su Knossos ko Olimpiya. Dokar kayan tarihinsu mai tsanani ce, an sha kama baƙi a kan abin da bai cika tafin hannu ba, jirgi kuma ba ya jiran mai shari'a.

Abinci: naman da ake yankowa daga jikin sanda mai juyawa, giros, da tsirensu suflaki, yawanci alade ne in ba a ce kaza ba, kuma wuri ɗaya ake gasa su. Tsaya ga kifi, da kwaɗon tumatir da kokwamba da zaitun mai farin cuku a kai, da wake da ganye. Ba za ka ji yunwa ba. A tsibirin Kirit sukan kawo ɗan ƙaramin kofi na farin ruwa kyauta bayan an gama ci. Raki ne, giya ce. Sa hannu a ƙirji ka yi godiya ka bar shi, ba wanda zai ji haushi. Banɗakunansu ba buta, takarda kuma a kwando ake sa ta don bututun ƙanana ne, saboda haka 'yar gorar ruwa ta zauna a jakarka. Yinin bazara dogo ne, magariba kan kai kusan tara na dare a ƙarshen Yuni. Alƙibla kudu maso gabas take. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin ka tashi, don masallaci ba ko'ina za ka samu ba. Na hukuma a Atina ma sai a Nuwamban 2020 aka buɗe shi, a unguwar Votanikos.

Rodos na bari a ƙarshe don ita na fi so maka. Jirgi a gaɓa yake tsayawa, ba fito, ba mota, ganuwar tsohon birni tana gabanka, tafiyar 'yan mintuna. Mayaƙan Kirista da ake kira Jaruman Yahaya ne suka riƙe tsibirin daga 1309, suka gina ganuwar nan mai kusan kilomita huɗu, har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓe shi a 1522 bayan ƙawanyar wata shida, ya bar su suka fita da ransu da kayansu. Daga baya suka zauna Malta. Hau titin Jaruman da sassafe kafin ayari ya iso. Shimfiɗar ƙananan duwatsun teku ce, gidajen dutse hagu da dama, kowane da tambarin ƙasar da mayaƙansa suka fito a bisa ƙofa. Fadar da ke ƙarshensa kada ta ruɗe ka: albarushi ya rusa ta asali a 1856, Italiyawa ne suka sake gina ta a shekarun 1930 lokacin da tsibirin ke hannunsu.

Daga nan ayari zai gangara titin Sokratus sayen tsaraba. Kai ka tsaya a samansa. Ga masallacin Sulaiman mai jan bango, daura da shi kuma wata 'yar ƙofa da yawancin mutane ke wucewa ba su duba ba. Ɗakin karatu ne da Hafiz Ahmed Aga ya kafa a 1793, da ɗan tsakar gida shimfiɗe da tsakuwa fara da baƙa, a ciki akwai littattafan hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci, har da Alƙur'anai rubutun hannu. Kai da ka yi karatun allo za ka iya karanta abin da ɗan jagoran ayari ba zai iya ba. A gabashin birnin akwai unguwar Yahudawa da majami'arsu ta 1577. A Yulin 1944 Jamusawa suka kwashe su zuwa Auschwitz, kaɗan ne suka tsira. Musulmin Rodos kuwa suna nan har yau, domin lokacin da Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a a 1923 tsibirin na hannun Italiya, yarjejeniyar ba ta shafe su ba.

Za a tallata maka motar Lindos, kilomita 50 daga nan. Wuri ne mai kyau, amma zuwa da dawowa zai cinye maka awa biyu, ga hawan tudu da rana. Bar shi sai wani jiƙon. Rodos ba ka bukatar biyan kowa ya zaga da kai, taswira da ƙafarka sun isa. Nemi masallacin Ibrahim Pasha a cikin lungunan, na 1540, wanda Musulmin garin ke salla a ciki. In ka tarar da shi a buɗe, shiga ka yi raka'a biyu, ka gaisa da wanda ka samu, ka sa mu a addu'a.